Kawu Sodangi da Kifin da Ba Shi da Kai

Kawuna Sodangi, yayan mahaifiyata, ya shekara arba'in da biyar yana sayar da kifi a Sakkwato, kuma a duk waɗannan shekaru bai taɓa ɗora kifin da aka cire wa kai a kan tebur ɗinsa ba. Na fara da wannan ne don wanda bai san shi ba ya gane abin da aka yi masa a Arkilla ranar Asabar, sha huɗu ga Satumba, 2024, ya kuma gane dalilin da ya sa har yau idan na bi ta titin nan sai in ji ƙirjina ya yi zafi.

Sunana Siddiƙu. Aikina rajistar wasiƙu a wata ma'aikata ta jiha, kuma ɗabi'ar rubuta rana da lokaci ta biyo ni har gida. Duk ranar da zan ambata a nan tana cikin ɗan littafin aljihuna.

An haifi Kawu a bakin gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa. Jinin Sarkawa ne, uba masunci, kaka masunci. Bai san shekarar haihuwarsa ba, amma da na haɗa abin da mahaifiyata ta tuna da abin da shi ya tuna, na tsayar da ita a 1956. Ya iya tuƙa kwalekwale tun kafin ya sauke izu biyar. Da kifin gulbi ya fara ja da baya, gidan ya cika da baki, sai ya bar wa ƙannensa taru ya shigo birni a 1979, ya kama rumfa a kasuwar kifi. Yana karɓar kaya daga Yawuri da Argungu, daga baya kuma daga Goronyo. Ya auri Inna Kulu, suka yi gida a Mabera tun unguwar tana da gonaki a tsakiya.

Yadda yake aiki ba ya canzawa. Idan kwando ya sauka, ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukar kifin. Ya dubi ido tukuna. In idon tar yake kamar na mai rai, sai ya sa babban yatsa ya ɗaga kuncin ya ga jan da ke ƙarƙashi. In ja ne sosai, kifi ya hau tebur. In ya fara komawa ruwan ƙasa, ya tafi wajen masu banda. In ya wuce nan, ba ya zuwa ko'ina sai rami. Abin da yake faɗa wa kowa shi ne: "Kihi ba ya ƙarya, sai in an yanke mashi kai." Mai saye zai iya cewa a yanke masa, kuma za a yanke, amma sai bayan ya gani da idonsa an gama ciniki, kuma dole a ƙulle masa kan a cikin leda ya tafi da shi.

An taɓa yin matar wani babban ma'aikaci da ta ce ita idon kifi tsoro yake ba ta, a riƙa cire kai kafin direbanta ya zo. Kawu ya ce to a aiko direban da ba ya tsoro. Ba ta sake aikowa ba, shi kuma bai aika mata ban haƙuri ba. A damina ta 2003 motar Yawuri ta lalace a hanya ta kwana biyu. 'Yan rumfar da ke kusa da shi suka yayyanka nasu, suka wanke da gishiri, suka sayar kafin azahar. Kawu ya ɗauki kwanduna huɗu a kura ya kai bayan gari ya binne. Watan nan gidansa tuwo da miyar kuka zalla aka ci, na sani domin a gidan nake zaune ina makaranta. Amma daga shekarar ne matan unguwanni suka daina duba kifinsa. Mace za ta zo ta ce, "Baba Sodangi, giwan ruwa," ta juya tana hira da wata, a ƙulle mata ta biya ta tafi. A kasuwar kifi babu abin da ya fi wannan wuyar samu.

A gida ma kai yana da matsayinsa. Duk ranar da aka dafa babban kifi, Inna Kulu takan zuba kan a kwano daban ta rufe, na maigida ne. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Saifullah, shi ne na fari, sai mata uku da duk suka yi aure. Saboda kunyar ɗan fari, Kawu bai taɓa kama sunansa ba. Yana yaro "wancan" yake ce masa. Da ya shiga jami'a ya koma "Ɗan Boko," kuma da daɗin rai yake faɗa, domin kifi ne ya biya karatun tun daga firamare. Saifullah ya gama a 2018. Shekara shida yana yawo da takardu, ni kaina na shigar masa da su wurare bakwai. A ƙarshe keke napep na wani ya karɓa yana ja tsakanin Mabera da Sabon Gari, yana rufe fuska da hular sanyi kada abokan karatunsa su gane shi.

Sai ga wani mai kuɗi, Alhaji Hamza, ya buɗe gidan abinci a Arkilla, inda ma'aikata suke ta gina gidaje. Sunan wurin Bakin Teku. A Sakkwato, inda mafi yawanmu ba mu taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Aka buɗe ranar goma ga Agusta, aka ɗauki Saifullah manaja. Murna a Mabera ba a magana, Inna Kulu har waina ta raba. Sau huɗu Saifullah ya zo rumfar uban ya ɗauki kifi, na ƙarshe ranar sha tara ga wata. Daga nan shiru. Da Kawu ya tambaya, sai ya ce kasuwa ce ba ta buɗe ba tukuna.

Ranar Laraba, sha ɗaya ga Satumba, Hajiya Hindu ta zo rumfa. Malamar asibiti ce da ta yi ritaya, ta fi shekara ashirin tana sayen kifi a wurinsa. Ba saye ta zo ba. A gaban mutane ta ce masa ta kai baƙinta Arkilla sun ci kifinsa, su uku sun kwana suna zarya bayan gida, kuma ba ta taɓa zaton haka daga gare shi ba. Kawu ya ce shi rabonsa da ba Arkilla kifi ya fi sati uku. Ta ce, "To hoton wa ag ga ƙofa?" Ta juya ta tafi.

Da yamma ya sa aka kira Saifullah. Yaron ya yi ta rantsuwa cewa sharrin masu hassada ne, ya ce Baba ya zo da kansa ranar Asabar ya ci ya gani. Ina jin ya ɗauka fitilu da kujeru za su rufe wa tsohon ido. Wanda ya tashi a gidan nan ya kamata ya fi haka sanin ubansa.

Ni na ɗauke su a motata bayan sallar magariba, Kawu a gaba da farar riga da ya ajiye don Juma'a, Inna Kulu a baya. Mun isa bakwai da minti biyar. Tun kafin in kashe mota na ga abin da Hajiya Hindu take nufi. A saman ƙofa an ɗaure wani ƙaton allo na leda mai sheƙi, fitila tana haska shi. Ga Kawu a jiki, ya fi girman mutum, yana murmushi, ya rungumi giwan ruwa a ƙirji. Na tuna ranar da aka ɗauki hoton, Saifullah ne ya ɗauka da wayarsa a rumfa ya ce na tarihi ne.

Kawu ba ya karanta boko, ajami ya iya. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kansa.

"Siddiƙu, mi anka rubuta nan ƙasa?"

Na so in ce sunan wurin ne kawai. Amma ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce, "An rubuta, Kifin Sodangi, daga gulbi zuwa faranti."

"Sake karantawa."

Na sake. Ya gyaɗa kai, ya ce mu shiga.

Ciki sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. An zana jiragen ruwa a bango, an rataye wani taru na roba da ko ɗan tsako ba zai riƙe ba. Tebura goma sha biyu ne, bakwai da mutane. Amma tun daga bakin ƙofa akwai wani wari a ƙarƙashin turaren da suka fesa, kuma na ga hancin Kawu ya motsa. Saifullah ya taho da sauri cikin kwat da abin wuya, ya durƙusa ya gaida iyayensa, ya kai mu teburin tsakiya.

Wata ma'aikaciya ta kawo takardar abinci, duk da Turanci. Na fassara musu. Akwai jatan lande, akwai ƙaguwa, akwai wani abu da aka ce haɗin teku, sai kuma giwan ruwa na Sodangi.

"Giwan ruwa, yanzu?" in ji Kawu. "Gulbi cike shike, masu taru na zaune gida. Ni kaina kwana tara ban ga giwa ba. To kawo muna, mu ga ta Arkilla."

Bakwai da kwata aka karɓi abin da muke so. Bakwai da rabi aka kawo ruwan leda mai ɗumi, aka ce na gora ya ƙare. Takwas saura kwata aka ɗauke wuta, muka zauna a duhu minti shida kafin inji ya tashi. Aka kira isha, muka tambayi wurin salla, aka nuna mana wani lungu kusa da injin, babu tabarma, babu buta. Ni da Kawu muka tsallaka titi muka yi a masallacin unguwa. Muka dawo, tebur yana nan yadda muka bar shi. Inna Kulu ta ce da ta sani da ta ƙullo ɗumamen tuwo a gefen zane.

Takwas da minti talatin da biyu aka kawo jatan lande, wai na buɗe ciki, kyautar manaja. Guda shida a faranti, sun nannaɗe, an yayyafa musu ganye. Inna Kulu ta sa yatsa ta juya ɗaya.

"Wagga hwara ta?"

"Inna, jatan lande ne, daga teku," in ji Saifullah.

"Hwarar da nika saye bakin kasuwa ta hi ta ƙamshi. Kai ci, tunda kai ka yi boko."

Ni na ci ɗaya, don kada yaron ya ji kunya. Waje da zafi, tsakiya da sanyi, kuma ya bar mini wani ɗanɗano a maƙogwaro kamar na tsotsi tsohon kwabo. Na kora da ruwan ɗumin nan.

Sannan aka kawo babban abin. Faranti fari mai faɗi kamar tire, a tsakiyarsa wani yanki mai kusurwa huɗu kamar sabulun wanki, an tsoma shi a fulawa an soya. Gefe soyayyen dankali da ya yi laushi, gefe kabeji da aka kwaɓa da wani farin abu. Babu kai, babu wutsiya, babu fata, ko ƙaya ɗaya babu. Aka ajiye wa kowa nasa, da cokali mai yatsu da wuƙa a naɗe cikin takarda.

Kawu bai taɓa cokalin ba. Ya naɗe hannun riga, ya sa yatsa biyu ya ɓare yankin. Ruwa ya fito daga ciki ya kwanta a farantin. Naman ya wargaje kamar jiƙaƙƙen burodi. Giwan ruwa idan ka ɓare ta, falle-falle take rabuwa, kowane falle da ƙarfinsa, wannan ko ni da nake zaman ofis na sani. Ya kai yatsan hanci, ya sauke, ya goge da takardar.

Ya dubi ma'aikaciyar ya ce, "Ɗiyata, ina kai?"

"Kai kuma, Baba?"

"Kan kihin. Ni am maigida a teburin ga. Kawo mani kaina."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne irin na tsofaffi. Da ta ga ba wanda ya taya ta, sai ta dubi manaja. Saifullah ya sunkuyo ya rage murya.

"Baba, nan ba a kawo kai. Tsarin wurin ke nan."

"Ban ce a dahwa shi ba. Ɗanye nika so in gani. In an yanka kihi yau, kai shina nan kusa. Ko kura ta shigo ta ɗauka?"

"Baba, don Allah, mutane na kallo."

"Su kalla. Ai ni sunka gani bakin ƙofa kahin su shigo."

A nan ne Alhaji Hamza ya fito daga ofishinsa, mutum mai ƙiba da shadda mai maiƙo, waya biyu a hannu. Ya taho yana buɗe hannuwa kamar ya ga ɗan'uwansa.

"A'a, Baba Sodangi da kansa! Sarkin ruwa! Yau gidanmu ya yi albarka. Ina fatan an ji daɗin abinci?"

"Alhaji, kan kihin ga nika tambaya."

"Haba Baba, zamani ya wuce nan. Yanzu masu cin irin wannan abinci ba sa son ganin ido yana kallonsu a faranti. Haka ake yi a ƙasashen waje."

"Mu nan ƙasar ciki muke," in ji Kawu. "Nuna mani madahwa."

Alhaji ya ce doka ta hana baƙo shiga kicin. Kawu ya ce wanda hotonsa yake saman ƙofa ba baƙo ba ne. Ya miƙe ya bi inda ma'aikaciyar take fitowa da faranti, ni ina bayansa, Saifullah yana bayana yana cewa, "Yaya Siddiƙu, ka yi masa magana." Ban yi masa magana ba.

Warin da turare yake rufewa a waje, a nan yake zaune. Akwai manyan firiza biyu a jikin bango, ruwa yana ɗiga daga ƙasan ɗaya ya bi tayil ya taru a bakin magudana. Mai dafa abincin dattijo ne mai furfura a gemu. Da ya ga Kawu ya gane shi daga hoton, ya ajiye ludayi ya gaishe shi da ladabi. Kawu ya ɗaga murfin firiza da kansa. Kwalaye ne a jere, sun jiƙe sun yi laɓo-laɓo. A ciki yankuna ne farare, kowanne a ledarsa, duk girmansu ɗaya kamar an buga su da injin bulo.

"Malam, tsakaninka da Allah, wanga daga wane gulbi?"

Mai dafa abincin ya dubi Alhaji da ke tsaye a ƙofa, ya dubi Kawu. Ya ce, "Baba, ni haka nake ganinsa. A kwali yake zuwa. Inji kuma sai yamma ake tayarwa, da rana in babu wuta sai ya narke, da dare ya sake daskarewa. Na faɗa ba sau ɗaya ba."

Na jawo kwali ɗaya na juya shi. Aikina ke nan, duba kwanan wata a jikin takarda. Akwai sunan wata ƙasa mai nisa, da sunan wani kifin da ban taɓa ji ba, da ranar da aka rufe kwalin. Na karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: Maris, 2023. Wata goma sha takwas. Kifin da aka kama tun kafin Alhaji Hamza ya sayi filin da ya gina wurin, shi ake soyawa a miƙa wa mutane da sunan mutumin da ya binne kwando huɗu saboda sun kwana biyu a hanya.

Kawu ya rufe firizar a hankali. Ya juya.

"Saifullahi."

Na shekara arba'in da bakwai a duniya, ban taɓa jin wannan suna a bakinsa ba. Inna Kulu da ta biyo mu ta tsaya a bayan Alhaji, ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Saifullah kansa sai da ya waiga, kamar wani ake kira.

"Saifullahi, ka san abin da ac cikin kwalin ga?"

"Baba, wallahi da farko naka muke ɗauka. Alhaji ne ya ce ba ya isa, kuma ba kullum ake samu ba, kuma..."

"Na tambaye ka, ka sani?"

"Na sani."

"Kuma kai kab ba su hotona."

"Baba, shekara shida ina zaune. Shekara shida! Da hoton aka ɗauke ni aikin nan. Ba don takarduna ba ne, kowa yana da takardu. Me kake so in yi? In mutu a kan keke?"

Ban ce maganarsa ba ta da zafi ba. Na san shekarun nan, ni na riƙa kai takardun. Amma akwai abin da ba naka ba ne balle ka sayar, ko da na ubanka ne.

Kawu ya ce a sauke allon yanzu. Alhaji Hamza ya daina murmushi. Ya ce allon da kuɗinsa aka buga, kuma ɗan mai hoton ne ya sa hannu a takarda. Ya ce shi ba ya son rigima da dattijo, amma a sani, ranar da hoton nan ya sauka, manaja ma ya sauka tare da shi. Ya faɗi haka yana duba wayarsa.

Inna Kulu ta ce, "Malam, ka duba yaron ga." Kawu ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa. Saifullah ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen tayil ɗin nan da wandon kwat ɗinsa. Na yi zaton tsohon zai haƙura. Da ya haƙura ma ba zan zarge shi ba.

Ya ratsa ta gefen Alhaji ya koma cikin zauren cin abinci. Ya tsaya a teburin farko, wani ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya biyu, ya yi musu sallama.

"Ni as Sodangi, wanda kunka gani bakin ƙofa. Wanga da kuka ci ba kihina na ba. Ban san shi ba, ban san gulbinsa ba. Ku gahwarce ni."

Ya wuce tebur na biyu ya faɗi haka. Ya bi duka bakwai ɗin, bai tsallake ko ɗaya ba, bai kuma ɗaga murya ba. Wata mata ta ture farantin daga gaban ɗanta. Wani saurayi ya ɗaga waya zai ɗauka, na tsaya a gabansa har ya sauke. Alhaji yana ta faɗin zai kira 'yan sanda, amma bai kira ba, ina jin ya tuna da firizarsa.

A waje Kawu ya ce in matso da mota ƙarƙashin allon. Na matso. Mutum mai shekara sittin da takwas ya cire takalmi ya taka bonet ya hau rufin motata, ina riƙe da ƙafarsa. Ya zaro 'yar wuƙar gyaran kifi da ba ta rabuwa da aljihunsa. Ya ce in nuna masa inda sunansa yake, na nuna, ya yanke shi. Sannan ya bi gefen hotonsa ya zagaye shi da wuƙa. Da yake kan giwan ruwan a kafaɗarsa yake kwance, sai ya fita tare da shi. Abin da ya rage a saman ƙofar Bakin Teku shi ne rami mai siffar mutum, da gangar jikin kifi da wutsiya. Ya naɗe ledar ya sa a hammata ya sauko. Goma saura minti biyar muka bar wurin, ba wanda ya ci komai sai jatan landen nan ɗaya da na haɗiye, wanda na ji a jikina washegari.

Muka kama hanya har muka kusa Mabera. Inna Kulu ta ce, "Ka kyauta ma sunanka. Shi kuma ɗan, wa za ya kyauta mashi?"

Ranar Litinin, sha shida ga wata, aka sallami Saifullah. Ya koma kan keke. Yana zuwa gaida uban kowace safiya, ya durƙusa a zaure, a amsa, ya tashi. Magana ba ta wuce nan. Kawu bai sake kama sunansa ba, bai kuma sake ce masa Ɗan Boko ba. Alhaji Hamza ya buga sabon allo da hoton jirgin ruwa, motoci suna nan suna tsayawa a ƙofarsa kowace yamma. Na rubuta takardar ƙorafi kan firizar nan na kai inda ya kamata, an buga mini hatimin karɓa ranar ashirin da uku ga Satumba, kuma na fi kowa sanin inda irin waɗannan takardu suke kwana.

Da ruwa ya fara janyewa, giwan ruwa ta dawo kasuwa. Ta farko da ta shigo hannunsa, Kawu bai sayar ba. Ya sa a kwando ya hau kabu-kabu ya kai wa Hajiya Hindu har gida, da kan kifin da komai, ya ba ta labarin abin da ya faru. Ta karɓa, ta ce ta yafe, ta ce Allah ya shirya mana zuri'a.

Ranar Asabar, biyu ga Nuwamba, ina zaune a rumfar na kawo masa saƙon mahaifiyata, sai ga Hajiya Hindu ta zo. Suka gaisa da fara'a kamar da. Ta ce, "Baba Sodangi, giwan ruwa." Ya zaɓo mata ɗaya ya ɗora a tebur, ya jawo leda zai ƙulle. Sai ta ce ya dakata. Ta matso, ta dubi idon kifin. Ta sa babban yatsa ta ɗaga kuncin, ta sunkuya ta leƙa.

Ja ne, jawur. Ta ce, "Madalla, ƙulle."

Kawu ya tsaya da ledar a hannu har ta gama. Ya ƙulle mata, ya karɓi kuɗinsa, ya yi mata godiya. Da ta tafi ya ɗauki tsumma ya shiga goge teburin, wurin da babu abin gogewa, ya yi ta gogewa har na tashi na bar rumfar.